Ƴan Kunnen Inna

Ranar da likita ya miƙo ordinans,
Na ƙirga sifili, na sake ƙirgawa.
Inna ta tura hannu ƙarƙashin matashi,
Ta ciro ƙullin tsumma, ta ce, "Je ki, Hajo,
Kunne ba ya ciwo don rashin zinariya."

Ƴan kunne biyu, tsarabar Makka,
Tun ina goye nake miƙa musu hannu.
Na ɗaure a haɓar zane, na hau kabu-kabu
Daga Bagalam har bakin babbar kasuwa,
Hannu kan ƙulli, baki yana biya.

Shagon farko gilashi ne har ƙasa,
Ga sanyin na'ura, ga allo da jan rubutu:
Muna sayen zinariya, kuɗi hannu.
Yaron ya ɗora kan sikeli mai lamba,
Ya juya fuskar sikelin wajen ƙirjinsa,
Ya ce, "Giram biyar ne, Hajiya."
Hajiya! Ni da ban wuce Damagaram ba a tafiya.

Na biyu, Ɗan Jummai, carbi a yatsa,
Ya ce shida ne, sai dai akwai datti.
A cire na datti, a cire na wuta,
A cire ladan wanda ya nuna mini ƙofa.
Sauran, ko kuɗin allura, ina zai biya?

Na uku ko awo bai yi ba.
Ya goga guda a dutse, ya ɗiga ruwa,
Zanen ya yi kore, ya tafasa, ya ɓace.
"Jabu ne, baiwar Allah. Amma don tausayi
Kawo duka biyun, ga jika goma na miya."
Har ya jawo aljihun tebur.
Na fizge kayana. Wa ke tausayin tagulla
Ya zuba mata jika goma a wannan duniya?

La'asar sakaliya, bayan rumfar masu goro,
Na iske Baba Tsalha, maƙerin farfaru,
Tabarau ɗaure da zare, gawayi na huci.
Sikelinsa tasa biyu ne da tsinke,
Ya rataye shi tsakanina da shi,
Ya ce, "Matso, idonki ne shaidar gaskiya."

Ya goga na dama: zanen ya zauna daram.
Ya goga na hagu: kore.
Ya juya bayansa, ya daɗe yana kallo,
Sai ya cire tabarau, ya yi dariya.

"Wannan aikina ne, ga tsagar da nake yi.
Shekarar da fara ta cinye gero,
Wata mata ta zo da mayafi shuɗi,
Ta sayar da guda, ta ce in ƙera tagwaininsa
Yadda ko madubi ba zai tona ba.
Wai ɗiyarta ta ci jarrabawa,
Za ta lakwal, babu katifa, babu kuɗin tafiya."

Na tuna katifar. Mai furanni ce.
Shekara huɗu ina barci kan kunnen Inna,
Ban taɓa yin tambaya ba ko ɗaya.

Giram uku ya auna, ya faɗi farashin yini,
Ya faɗi ribarsa da baki, bai ɓoye ba,
Ya ƙirga sau biyu, ya ce in ƙirga na uku.
Ban ce waliyyi ba ne, kasuwa ce.
Wataƙila da na ƙara gaba in samu ƙari,
Amma ƙafa ta gaji, haka ma zuciya.

Na biya farmasi, na iso da magariba.
Inna ta ce, "Sun saya?" Na ce, "Sun sayi guda."
Na sa mata na tagullar a tafin hannu.
Ta dube shi, ta dube ni,
Ta maƙala shi a kunnen hagu,
Ta ce, "Miƙo mini ruwa in sha maganin,"
Ta juya fuska bango, wai ita kunya.