Ƙarfe Huɗun Asuba a Ofishin 'Yan Kwana-kwana

Mun sauko daga tudun Valparaiso
da hayaƙi a tsakanin haƙora.
Gidaje goma sha ɗaya, katako da kwano,
iskar teku na yi wa wuta jagora
daga baranda zuwa baranda,
mu muna hawan matakala da tiyo a kafaɗa
kamar masu bin bashin da ba za a biya ba.

Kowa ya yi wanka ya kama gabansa.
Fermin kaɗai ya rage a farfajiya
yana wanke tiyon da ya riga ya wanke.
Sau uku na ƙirga.
A na huɗu na ɗora tukunyar shayi.

Shekararsa ashirin da uku.
Da rana gyaran firji a shagon kawunsa,
da dare hular ƙarfe, ba ko sisin albashi.
Shi ya ɓalle ƙofar gida na bakwai.
Shi ya fito da abin da ya fito da shi
a naɗe cikin rigarsa.
Ba nauyi, ya ce. Kamar burodi.

Ban ce masa ya yi haƙuri ba.
Wani haƙurin riga ce da ake miƙa wa mutum
don a daina ganin rauninsa.
Ban ce namiji ba ya kuka ba;
wanda ya gaya mini haka, Kyaftin Eliodoro,
kwalba ce ta yi masa kukan
har ranar da muka ɗauki akwatinsa.

Na tura masa kofi. Ya riƙe da hannu biyu,
shayin yana rawa har ya zuba a tebur.
Muka zuba masa ido, ba wanda ya goge.

Da na bi ta taga fa? ya ce.
Da ban tsaya ɗaure igiyar takalmi ba?
Na ce, faɗa mini daga farko,
daga lokacin da ƙararrawa ta buga.
Ya faɗa. Ya tsaya a bakin ƙofar nan.
Ya koma farko. Ya sake tsayawa a nan.
Jiragen ruwa na ta nishi a tasha,
ni kuwa na kama bakina,
don a wannan aiki kunne ya fi tsani tsawo.

An ce ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.
Na yarda da haka shekara goma sha tara.
Tawa motar bas ce, a kwanar hanyar tudu,
da wata mata mai jan ɗankunne
da ta riƙe mini yatsa har ta sake.
Ba wanda ya dafa mini shayi a daren.
Na kai ta gida a cikina,
ta kwanta tsakanina da Ximena
har Ximena ta haɗa kayanta.

Wannan ma na gaya masa, a taƙaice,
don daren nasa ne.

Barci zai yi maka rowa, na ce.
Ƙamshin gashin nama zai iya korar ka daga kasuwa.
Ba hauka ba ne. Jiki ne ke sauke kaya.
In ya wuce makonni bai sassauta ba,
ga lambar Likita Nelida a jikin allo,
ni zan raka ka, na san kujerar,
ƙafarta ɗaya gajera ce.

Ya yi wata 'yar dariya, ta karye a tsakiya,
sai kukan ya samu hanya.

Gari ya waye a kan toka.
Na kira yayarsa ta zo da mota.
Jibi zan leƙa shagon kawunsa
da tsohon firjin da lafiyarsa ƙalau,
in ce yana wata ƙara da dare.