Ƙwaƙwalwar Aro

Shagona na bayan Poli, a Tudun Wada,
ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, janareto mai tari.
Watan miƙa kundin bincike ya kama,
ɗalibai sun cika benci har bakin kwata,
kowa nasa ne na gaggawa.

Na buɗe babi na uku na Asabe,
na buɗe jadawalin wani ɗan Kakuri,
hotuna goma sha biyu da taswirar kogi,
sai kwamfutar ta ɗauke wuta, alhali akwai wuta.
Kibiya ta daskare a tsakiyar allo,
'yar fitilar gefe tana ta ƙifta ido
kamar wadda aka ritsa da tambaya.

Na kira ƙanena Tanimu daga Kasuwar Barci.
Ya zo da sukundireba a aljihun gaba,
ya kara kunne a jikinta, ya yi dariya:
"Ba suma ta yi ba, Yaya. Sito ta tafi."

Ya ce, "Tuna teburin ɗinkin Baba.
Yadi nawa yake ɗauka? Biyar, in an matsa shida.
Amma mutum arba'in ke kawo kaya kafin Sallah,
bai taɓa ce wa kowa babu wuri ba.
Ya karɓa, ya rubuta suna a littafi.
Wanda allura ke ci yana kan tebur,
wanda hannu ya daɗe bai taɓa ba
a naɗe shi, a kai ɗakin baya.
Kowa ya koma gida yana zaton
shaddarsa ce shimfiɗe a gaban tela.

"To ita ma haka. Ƙwaƙwalwarta mai sauri 'yar mitsitsiya ce,
giga huɗu, ba ƙari.
In ta cika sai ta ari fili a faifan ajiya,
ta yanka aiki shafi-shafi,
ta kwashi masu gyangyaɗi ta kai can,
ta riƙe rajista: wannan na kusa, wancan na sito.
Kowace manhaja gani take gidan nata ne ita kaɗai.
Kika taɓo shafin da ba ya nan,
sai a ce dakata, a tashi ɗan aike,
kuma ba ya shigowa sai an fitar da wani."

Na ce, "Yau kuma me ya same ta?"

"Kin tuna shekarar da Baba ya karɓi ɗinkin biki uku?
Ni ne ɗan aiken.
Kawo na Gwaggo Tasalla, mayar da na Liman,
a'a, dawo da shi, ina hannun rigar?
Tun hantsi har la'asar ina safa da marwa,
keke bai yi taku goma ba.
Zanen aro ba ya rufe katara.
Ko ki rage buɗe-buɗe, ko a faɗaɗa tebur."

Na rufe tagogi bakwai.
Ta ja numfashi, kibiya ta motsa,
Asabe ta karɓi babinta ana kiran magariba.

Da dare, a motar Kawo,
na nemi abin da Baba kan faɗa
in ya datse zare da haƙori.
Ban same shi a kusa ba.
Teburina cike yake da kuɗin haya,
litar mai, tawadar firinta, bashin takarda.
Na jira. Na san an rubuta shi a wani littafi.
Fitilun titi suna ta ƙifta ido.

Can ya iso, a naɗe, da warin man keke,
da farin alli a babban yatsa:
"Saura ƙiris."

Ban san abin da aka fitar don ya shigo ba
sai da kwandasta ya buga ƙofa,
na ga na wuce masaukina tun tuni.