Aljihun Kowane Layi

A ofishin ƙungiyar manoman rani, bayan kasuwar Auyo,
inda fanka ba ta juyi sai sola ta ƙoshi,
na ja jadawali a cikin kwamfuta
kamar mai fid da kunya a sabuwar gona:
suna, lambar waya, faɗin fili, ranar ban-ruwa.
Gurbi huɗu. Na karkaɗe hannu, na ce an gama.
Mutum ɗari uku da goma sha ɗaya,
kowa ya kwanta a layinsa, kai ɗaya kamar ashana.

Kafin la'asar Nomau ya yi sallama.
Ya ce, "Yaro, in na'urarka za ta aiko saƙo,
ta bari sai bayan isha'i.
Da rana wayata tana shan caji a shagon Ilu."
Na ƙara gurbi.

Inna Lantana ba ta haɗa baƙi da boko,
ita a kira ta da murya, a kuma fara da gaisuwa.
Na ƙara gurbi.
Cindo ya ce kilo awon asibiti ne,
shi a lissafa masa taki da tiya.
Barau ya jira kowa ya watse,
ya dubi ƙasa, ya ce,
"Kada ka sa ni ruwa rana ɗaya da ƙanena."
Tun rabon gado ba su haɗa hanya ba.

Duk gurbin da na haƙa don mutum guda
sai ya bar ramuka ɗari uku da goma, fanko,
a layin waɗanda ba su roƙa ba.
Jadawali ya yi faɗin Kogin Haɗeja a Agusta,
ruwan kuwa iya idon sawu.

Da dare na kai wandona gyara wurin Shekarau tela.
Rigunan 'yan firamare jibge a gabansa,
yadi ɗaya, yanka ɗaya.
Na ce, "Kana sanin ta wane da ta wane?"
Bai ɗaga ƙafa daga keke ba.
"Ni aljihu nake sa wa.
Wani goruba zai zuba, wani alli, wani ƙwaro.
Ba ruwana."

Na koma da fitilar waya a baki.
Na rushe gurabun nan duka,
na ɗinka wa kowane layi aljihu ɗaya.
Na Nomau, saƙo: bayan isha'i.
Na Cindo, awo: tiya.
Wanda aljihunsa ba kome
sai ya bi abin da gari ke bi.

Kada in yi ƙarya, aljihu duhu gare shi.
Ran da shugaba ya ce, "Mutum nawa ke son murya?"
sai da na tura hannu sau ɗari uku da sha ɗaya.
Wata rana yatsa ya zame, na rubuta tiyya,
na'ura ba ta san ta ba, ta koma kilo,
Cindo ya zo har ofis da hularsa a hannu, yana huci.
Daga nan na koya:
abin da ake tambaya kullum, a ba shi gurbi a sarari,
abin da ke na mutum shi kaɗai, a bar masa a aljihu,
a kuma sa mai gadi a bakinsa.

Bayan yankan alkama Barau ya dawo.
Ya daɗe yana kallon fanka.
"Wannan abin da na ce ka rubuta..."
Na ce, "Yana nan."
"Goge shi."

Na buɗe aljihunsa, na zare jimla ɗaya.
Babu layin da ya motsa, babu wanda ya ji.
Ran Talata ruwa ya bi kwalbati,
ya iske mutum biyu a bakin kunya,
kowa da fartanyarsa,
ba wanda ya ce uffan tukuna.