Minti Goma

A Porto, hawa na uku,
takardar kuɗin wuta ta zo wa Graciete da ƙiba.
Ta tuhumi ɗan agogon jikin soket
da Amândio ya saita kafin ya kwanta dama:
bakwai na yi, fitilar bakin ƙofa ta kama.

Telmo ya hawo da ma'auni a aljihu,
ya zare, ya gwada, ya hure ƙurar haƙoran.
"Wat ɗaya tak. Sauro ma ya fi shi ci.
Firji ne ɓarawonki, robar ƙofarsa ta saki."

"To gyara shi, yana makara da minti goma."
Sai kuma ta riƙe masa hannu.
"Bari.
Mai shi ma bai taɓa dawowa kan lokaci ba."