Abin da Allura Ta Faɗa a Kejetiya

A Kejetiya ta tona min asiri,
ranar Laraba, rana tsaka.
Motoci sun cushe, ba gaba ba baya,
allurar zafi ta bar tsakiya
tana rarrafe zuwa ja.
Ina kallonta, fasinja na kallona,
sai bonet ya fara huci
kamar tukunyar dokunu.

Shekara sha tara nake jan tasin nan.
Fankarta ta ƙarfe ce, ɗaure da fambel,
injin ya ruga ta ruga,
injin ya lafa ta lafa.
A hanyar Tachiman, inda iska kyauta ce,
nan take ihu, tana nuna ƙwazo.
A gosulo kuwa, inda nake neman agaji,
sai ta koma juyi a kasalance,
irin dangin da ke cika gida ranar suna
a neme su a rasa ranar jinya.

Na tura ta Magazin, Suwame,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Masta Ofori ya leƙa, ya tsaki, ya ce cire ta.
Ya ƙwala wa Adiza kira,
'yar Abuwabo mai aikin waya,
sukudireba soke a gefen ɗankwali.

Ba ta gaishe da motar ba sai da ta auna ta.
Faɗin lagireto, tsayinsa,
sannan ta zura hannu tsakaninsa da injin:
yatsu huɗu, ta ce, Baba, nan ne gardamar take.

Biyu aka ajiye a gabana.
Ɗaya sabuwa fil a kwali, inci sha shida,
baƙa, tana ƙyalli, da alƙawura a rubuce a jikinta.
Ɗayar kuwa tagwaye ne na gwanjo,
an ciro su daga motar da ta mutu a wata ƙasa,
da ƙurar can a fukafukansu
da garkuwar roba da ke tattaro iska.

Idona ya tafi ga sabuwar.
Adiza ta jona ta da batir, ta saki leda a gabanta,
ledar ta yi rawa, ta faɗi.
Ta jona tagwayen.
Caraf, ledar ta manne, sai da aka ɓamɓare.

Mai ja daga baya ta fi mai turi daga gaba, in ji ta,
amma fa suna da ci.
Altanetarka za ta iya ciyar da baki biyu?
Na yi shiru. Tambayar da nake wa kaina ke nan
duk ƙarshen wata.

Muka yi ciniki, rabi Hausa rabi Tuwi,
sidi ya fita daga aljihuna yana waiwaye.
Ta sa rile, ta sa fis,
ta ɗaura wani ɗan ƙarfe mai jin zafin ruwa,
shi ne ladanin da zai tashe su.

Yanzu a Kejetiya nakan kashe rediyo.
Allura ta ɗan ɗaga, zuciyata ta bi ta,
sai in ji ƙas,
sai huuu,
allura ta sauko kamar an ba ta haƙuri.
Su yi shiru kuma. Ba sa aiki don a gani.

Tsohuwar na kawo ta gida Asawase.
Mai gwangwan ya taya, na hana.
Tana rataye a ƙusa bayan ƙofa,
fiffike ɗaya a lanƙwashe.
Da asuba in na wuce, nakan taɓa ta da yatsa,
ta juya sau ɗaya da rabi,
ta tsaya.