Kiri-kiri

Ubana, Nomau na Hanwa,
ya ƙarar da ƙarfinsa yana yaƙi da kiri-kiri.
Ya tuge ta, ya shanya a bisa kunya, ya cinna mata wuta,
ta bari sai ya yi barci ta ɓullo ta bayansa.
Ga ɗansa yau a durƙushe tun assalatu
yana lallashinta kamar jinjiri mai fitar da haƙori.

Da na zo filin golf ɗin nan babu kore ko na rantsuwa.
Yashin Kubanni muke tankaɗewa a rariya,
mu kwaɓa da baƙin man da makanikan Sabon Gari suka juye,
mu shimfiɗa, mu daɓe.
Tsoho Barau ya ɗauki buhun algarara
yana jansa kewaye da rami, a hankali,
kamar mai shafe malmalar tuwo.
Warin man nan bai bar ƙarƙashin farcena ba.

Sai manya suka zauna da lemo a gabansu,
suka ce rami na tara a sa masa ciyawa.
Barau ya tofar da goro ya ce:
yaro, sun ba ka riƙon abin da ke jin ƙishirwa.
Bai kai damina ba.

Yanzu ni da ita ne.
Ruwa kafin rana ta leƙo ta kan layin dogo,
in an kawo wuta.
In ba a kawo ba, jarka takwas a kura,
sawu shida, daga famfon masallaci.
In ta sha da yawa ta ruɓe, in ta sha kaɗan ta yi fushi,
ta yi launin bayan ƙadangare.

Wuƙar injin nakan gwada ta da takardar ƙosai:
in ta yanka shar, to;
in ta tauna, sai na koma kan dutse.
Tsawon ƙwayar shinkafa nake bar mata, ba ƙari,
kullum aski, ba suna ba biki.

Gara na aiki ta ƙasa ba ta sallama.
Aya-aya nakan bi ta da tsinken tsire, ɗaya-ɗaya.
Tana ta kwana tana gina 'yan hasumiyoyi,
na share su da reshen darbejiya.
Ran wata Laraba saniya guda ta ratsa,
kofato huɗu, sati uku ina ɗinki.

Likita Ɗalhatu na Shika ya buga ta kauce da faɗin yatsa,
ya dube ni, bai dubi hannunsa ba.
Na ce Allah ya ba da haƙuri, ranka ya daɗe.
Ban gaya masa ni na matsar da ramin jiya ba,
taku biyar zuwa gangaren da ido ba ya gani,
wanda tafin ƙafata kaɗai ya sani.

'Yata Asabe ta kawo mini kunu ta tsaya a gefe,
ta cire takalmi don kanta.
Baba, yaushe za a girbe?
Na nuna mata buhun askin yau:
rabon akuyarki ke nan.
Ta ce gonar ba ta da albarka.

Ban taɓa riƙe sandarsu ba.
Amma in magariba ta kwashe motoci,
jirgin 'yan koyo na ƙarshe ya sauka ta Palladan,
nakan ciro tsintacciyar ƙwallo daga aljihu
in mirgina ta da hannu.
Ta tafi, ta yi shawara, ta karkata hagu,
ƙwal.

Juma'ar da ta wuce na je ziyarar Baba.
Ta riga ni zuwa.
Ta rufe shi daga kai har ƙafa, kore shar, ba mai ba ta ruwa.
Na kai hannu zan tuge, yadda ya koya mini,
sai na tarar tafina na shafa ta,
yana neman inda ba daidai ba.