Baƙuwa a Saman Aboabo

An ɗauke wuta tun magariba.
Zafi ya koro mu daga ɗaki,
ni da Mma Zeliya da 'yar autata Rabiyatu,
muka baje tabarma a tsakar gida
kusa da tukunyar waken da na jiƙa don asuba.

Rabiyatu ce ta fara ganinta.
Ta miƙa yatsa can wajen Kejetiya:
"Wa ya zubar da gari a sama?"

Na ɗaga kai.
Ƙwayar shinkafa ɗaya, fara fat,
tana jan farin zare a baya
kamar ɗinkin da tela ya warware
ya tafi salla bai ƙarasa ba.

Mma Zeliya ta tofa addu'a hagu da dama.
"Mai wutsiya ce. Ganinta ba alheri ba.
Na ga irinta ina budurwa,
shekarar da aka ce baƙi su koma gida.
Gariba mai goro ya bar mana makullinsa,
ya ce mu riƙe, wata biyu ne.
Yana nan cikin kwallata, ya yi tsatsa."

Ta juya wa sama baya.

Ta katanga Akosuwa ta kira sunana,
tana tambaya da Asantanci ko mun gani.
Ɗanta ya hau kan tankin ruwa da waya,
hoton ya fito baƙi ƙirin.
Ya ce malaminsu ya ce ƙanƙara ce da ƙasa,
wai in ta wuce yanzu
jikan jikan jikanmu ma ba zai tarbe ta ba.

Ashe matafiyiya ce.
To ai mu 'yan zango ne,
kakanninmu da jakuna suka iso garin nan,
wani ya nuna musu inuwa suka sauke kaya.
Ba mu saba rufe wa baƙo ƙofa ba.

Na ce, sannu da hanya.
A hankali na faɗa, kada tsohuwa ta ji.

Can wajen ƙarfe goma aka kawo wuta.
Unguwa ta ɗauki ihu, fanka ta waiwayo,
fitilun titi suka haɗiye rabin wutsiyar.
Kowa ya naɗe tabarma.

Da na fito duba murhu
sai na tarar da Mma Zeliya ita kaɗai,
hannu a goshi, makulli a tafi,
tana neman inda ta shiga.